Kujeru 124: Su Wa Suka Zauna a Majalisar Karolina ta Kudu Bayan 'Yanta Bayi?

Akwai wani hoto da ake yawan cin karo da shi a littattafan tarihin Amurka. Ba hoton taro ba ne. Ƙananan hotuna ne guda 63 aka jera a takarda ɗaya, kowanne da sunan mai shi. Maza ne sanye da kwat, wasu da gemu, wasu da ƙuruciyarsu, kowa ya kame yana duban mai ɗauka kamar yadda mutanen wancan zamani suka saba. 'Yan majalisar dokokin jihar Karolina ta Kudu ne da aka zaɓa a 1868, shekara uku bayan an gama yaƙin basasa. Mutum 50 daga cikinsu baƙaƙen fata ne ko ruwa-biyu, 13 fararen fata.

Waɗanda suka yaɗa hoton ba don yabo suka yi ba. Abokan hamayya ne, kuma sun rubuta bayani a ƙasansa: wai 22 kaɗai suka iya karatu da rubutu, sauran 41 sai dai su dangwala alama a madadin sa hannu. Wai 44 ba sa biyan ko sisin haraji, amma ga su suna ɗora wa fararen fata harajin miliyoyin daloli. Saƙon a fili yake: ku dubi irin mutanen da aka ɗora muku. Kusan shekara 100 wannan bayani ne ya zama labarin majalisar a bakin yawancin Amurkawa. Ni kuwa duk lokacin da na dubi fuskokin nan, tambaya biyu ke zo mini. Su wa ke kan kujerun kafin waɗannan? Su kuma waɗannan ɗin, in an ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, su wane ne?

Amsar ta farko tana cikin kundin tsarin mulkin jihar na 1790, wanda aka yi aiki da tsarinsa, da 'yan gyare-gyare, har zuwa ƙarshen yaƙin. Kafin mutum ya tsaya takarar majalisar wakilai, tilas ya zama farar fata, ya mallaki eka 500 na ƙasa da bayi 10, ko kuwa kadarar da ta kai fam 150 ba tare da bashi a kanta ba. Na majalisar dattawa kuwa kadarar fam 300 ce. A 1808 aka tsayar da kujerun majalisar wakilai a kan 124: rabi, wato 62, ana raba su bisa yawan fararen fata, sauran 62 bisa yawan harajin da kowane yanki ke biya. Tunda bayi dukiya ce da ake biya wa haraji, masu gandayen shinkafa da auduga na bakin teku suka samu kujerun da suka fi ƙarfin yawansu nesa ba kusa ba. Majalisar nan kuma ita ce komai. Ita ke zaɓen gwamna, ita ke naɗa alƙalai, har wakilan da za su zaɓi shugaban ƙasa ita ke fitarwa, bayan duk sauran jihohi sun mayar da wannan hannun jama'a.

To, a ƙidayar 1860 jihar tana da mutum kimanin 700,000, kuma sama da 400,000 daga cikinsu bayi ne. Mafi yawan mutanen jihar ke nan ba su da ƙuri'a, ba su da kujera, amma suna cikin lissafin majalisa ta wata fuska mai ɗaci: su ne jarin da ke kai wani kan kujera. Wannan jiha ce ta fara ɓallewa daga tarayya, ranar 20 ga Disamba 1860, kuma a gaɓar birninta Charleston aka harba igwar farko ta yaƙin.

Da aka ci su da yaƙi, tsofaffin masu mulki ba su saduda ba. Shugaba Andrew Johnson ya sakar musu mara, suka sake haɗa majalisa a 1865, farare zalla. Abin da suka fara yi shi ne dokokin da za su mayar da 'yantattu gona ta ƙofar baya. A takardar ƙwadago, dokar ta ce a kira ma'aikaci bara, mai gona kuma ubangida. Baƙar fata da ke son yin sana'ar hannu ko buɗe kanti sai ya sayi lasisi daga alƙali, a kan dala 10 zuwa 100 duk shekara. Kwamandan sojan tarayya, Janar Daniel Sickles, ya soke dokokin a farkon 1866, amma an riga an ga manufa. Da majalisar ta ƙi amincewa da gyara na 14 ga tsarin mulkin ƙasa, wanda ya ba duk haifaffen Amurka 'yancin zama ɗan ƙasa, sai majalisar tarayya a Washington ta karɓe ragamar. A 1867 ta sa jihohin kudu ƙarƙashin soja, ta ce a yi sabuwar rajistar masu zaɓe da za ta haɗa da maza baƙaƙe. A Karolina ta Kudu baƙaƙe kimanin 80,000 suka yi rajista, farare kimanin 47,000.

Daga nan lissafi ya juya. Taron rubuta sabon tsarin mulki ya zauna a Charleston daga 14 ga Janairu 1868, wakilai 124, sama da 70 baƙaƙe. Suka soke sharaɗin dukiya ga mai zaɓe da mai tsayawa, suka ce yawan jama'a kaɗai za a duba wajen rabon kujeru, suka wajabta wa jiha ta buɗe makarantun gwamnati ga kowane yaro, suka hana ɗaure mutum saboda bashi, suka ba matar aure ikon riƙe dukiyarta. Majalisar da aka zaɓa a kan wannan kundi ta fara zama a Columbia, babban birnin jihar, a watan Yuli, a wani zauren haya, domin ginin majalisar ba a kammala shi ba, ko rufi babu, bangonsa kuma ɗauke da tabon harsasan igwa na sojan tarayya ƙarƙashin Janar Sherman. Sama da 70 cikin wakilai 124 baƙaƙe ne, a majalisar dattawa kuwa su 10 ne, farare suka fi yawa. Cikin ayyukansu na farko akwai amincewa da gyara na 14 ɗin nan, ranar 9 ga Yuli. A duk faɗin Amurka, nan ne kaɗai baƙaƙe suka riƙe rinjaye a majalisar wakilai ta jiha daga 1868 har zuwa 1876.

Ya kamata mai karatu ya riƙe abu ɗaya a nan don kada ya rikice: a wancan lokaci jam'iyyar Rifablikan ce jam'iyyar Shugaba Abraham Lincoln da 'yantattun bayi, Dimokurat kuma ita ce ta tsofaffin iyayengiji a kudu.

Yanzu sai mu koma kan fuskokin. Wanda ya fi kowa suna shi ne Robert Smalls na Beaufort. An haife shi bawa a 1839. Yana yaro aka tura shi Charleston yana aiki a tashar jirgin ruwa, ladan yana tafiya ga ubangidansa, ana bar masa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, tsarin da ya yi kama da abin da kakanninmu ke kira murgu. A haka ya ƙware a tuƙin jirgi. Da asubahin 13 ga Mayu 1862, hafsoshin wani jirgin 'yan aware mai suna Planter sun tafi kwana a gari. Smalls ya sa malafar kyaftin, ya tayar da jirgin, ya tsaya ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa da iyalan abokan aikinsa, ya bi ta gaban sansanonin da ke gadin mashigin ruwa yana busa usur ɗin da aka saba ji, har ya wuce sansanin Fort Sumter. Da ya fita daga inda igwa za ta iya cim masa, aka sauke tutar 'yan aware aka ɗaga farin zanen gado, ya miƙa jirgin ga sojan ruwan tarayya. Daga baya ya sayi gidan tsohon ubangidansa a Beaufort. Wannan mutumin ne ya zauna a majalisar wakilai a 1868, ya koma ta dattawa a 1870, daga baya ya tafi majalisar tarayya.

Joseph Rainey na Georgetown labarinsa daban. Mahaifinsa wanzami ne, mai aski, da ya tara kuɗi ya fanshi kansa da iyalinsa. Lokacin yaƙi aka tilasta wa Rainey yi wa 'yan aware aiki, ya gudu tsibirin Bermuda ya ci gaba da aski, ya dawo ya zama sanatan jiha, kuma a Disamba 1870 ya zama baƙar fata na farko da ya zauna a majalisar wakilai ta Amurka. Beverly Nash, sanatan Richland, bawa ne da ya yi hidima a wani otal a Columbia, inda 'yan siyasa ke sauka. A can ya koyi karatu, ya kuma koyi siyasa da kunne. Prince Rivers direban keken doki ne a Beaufort, ya tsere ya shiga ɗaya daga cikin rundunonin baƙaƙe na farko, ya kai saje, ya zama ɗan majalisa, yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro gundumar Aiken a 1871.

Sai kuma waɗanda suka zo daga arewa. Jonathan Jasper Wright lauya ne daga Pennsylvania, sanatan Beaufort, wanda majalisar ta zaɓa alƙalin kotun ƙolin jiha a 1870. Stephen Swails soja ne na runduna ta 54 ta Massachusetts, ya yi aure ya zauna a Kingstree, ya kai ga jagorancin majalisar dattawa. Richard Cain limamin coci ne a Charleston kuma mai jarida, shi ne ya fi kowa naci kan a nemo wa 'yantattu gonaki. William Whipper lauya ne da ya tashi a taron 1868 ya nemi a ba mata ƙuri'a, shekara 52 kafin ƙasar ta yarda da hakan. Cikin tsofaffin sojojin da suka tsaya a jihar bayan yaƙi ma akwai ɗan Borno, haifaffen Kukawa, Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said. Bai shiga majalisa ba, koyarwa ya kama, amma yana cikin mutanen da suka ga wannan sauyi da idonsu.

Fararen da ke jam'iyya ɗaya da su kashi biyu ne. Akwai 'yan arewa da aka yi wa laƙabin raini da ke nufin masu jakar kafet, wato 'yan ci-rani da suka zo da komai nasu a jaka ɗaya. Akwai kuma 'yan asalin jihar da 'yan'uwansu farare suka ɗauka maciya amana. Duk da rinjayen baƙaƙe, manyan muƙamai a hannun waɗannan suka fi zama. Gwamnoni ukun da aka yi duk farare ne: Robert Scott na Ohio, Franklin Moses ɗan gida, da Daniel Chamberlain na Massachusetts. Sai a 1872 baƙar fata, Samuel Lee, ya zama kakakin majalisa, Robert Brown Elliott ya gaje shi a 1874. Abin da ake kira "mulkin baƙaƙe" bai taɓa kai baƙar fata kujerar gwamna ba.

Zargin jahilci fa? Babu shakka akwai 'yan majalisar da ba su iya karatu ba, musamman daga yankunan gandaye. Amma masana tarihin da suka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, irin su Thomas Holt, sun gano cewa mafi yawan baƙaƙen 'yan majalisar sun iya karatu da rubutu, da yawa kuma suna da gona ko sana'a: kafintoci, teloli, maƙera, malaman makaranta, limaman coci. Hoton ya zaɓi 63 ne cikin mutum sama da 150. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bakin da zargin ya fito. Tun 1740 dokar yankin ta hana a koya wa bawa rubutu. A 1834 majalisar da ke cike da masu bayi 10 ta ƙara tsaurara ta, ta haɗa da karatu, ta kuma hana baƙaƙe 'yantattu buɗe makaranta. Waɗanda suka rufe ƙofar ilimi da doka su ne suka dawo suna ƙirga wanda bai iya sa hannu ba. Haka zancen haraji: mutumin da ya yi shekara 30 yana noma ba a biya shi ko anini ba, da me zai mallaki kadarar da za a yanka wa haraji?

Sai dai in an tsaya a nan an yi wa tarihin kwaskwarima, domin majalisar ba tsintsiya maɗaurinki ɗaya ba ce. Kafin yaƙi, baƙaƙen da ba bayi ba a jihar ba su kai 10,000 ba, wato kimanin biyu cikin ɗari na baƙaƙe. Amma cikin waɗanda aka zaɓa, kusan ɗaya cikin huɗu daga wannan rukuni suka fito, yawancinsu ruwa-biyu na Charleston. Mutane ne masu tarihinsu daban. Tun 1790 suna da ƙungiyarsu ta taimakon juna, Brown Fellowship Society, wadda ba kowane baƙi take karɓa ba, wasu iyalansu ma sun mallaki bayi. Francis Cardozo, sakataren jiha kuma daga baya ma'aji, ɗan wannan duniya ne: mahaifinsa Bayahude farar fata, mahaifiyarsa 'yantacciya, ya yi karatu a jami'ar Glasgow. Mutum ne mai riƙon amana da ƙwazo, amma damuwar irinsa da damuwar mai yankan shinkafa a bakin kogin Combahee ba ɗaya ba ce.

A nan gizo ke saƙa. Ɗan birni mai ilimi abin da ya fi ƙona masa rai shi ne a hana shi shiga otal, ko a kore shi daga taragon jirgin ƙasa, ko a rufe wa ɗansa ƙofar jami'a. A kan waɗannan majalisar ta yi dokoki masu ƙarfi, har Henry Hayne ya zama baƙar fata na farko da ya shiga jami'ar jihar a 1873. Shi kuwa ɗan ƙwadagon gona buƙatarsa ƙasa ce, da lada a hannu, da dokar da za ta hana mai gona korarsa ana gab da girbi. Ƙudurori da dama kan kare ɗan ƙwadago sun mutu a kwamiti ko an rage musu kaifi, cikin majalisar da ƙuri'un 'yan ƙwadagon ne suka kafa ta. A damunar 1876 ma'aikatan gandayen shinkafa na Combahee suka shiga yajin aiki saboda ana biyansu da takardun da ba sa karɓuwa sai a kantin mai gona. Smalls ne ya je ya sasanta. A ganina wannan shi ne babban raunin majalisar, ya fi satar da ake ta yayatawa illa, domin ya bar masu zaɓenta a hannun masu ƙasa, kuma wanda ke riƙe da abincinka yana iya riƙe ƙuri'arka.

Ba wai ba su taɓuka komai kan ƙasa ba. A 1869 suka kafa hukumar da ke sayen manyan gonaki ta yanka ta sayar wa talakawa bashi, a biya sannu a hankali. Babu wata jihar kudu da ta yi irin wannan. Shugabanninta na farko sun wawure ta, suna sayen ƙasa mara kyau da tsada daga abokansu, sai daga baya aka gyara ta. Duk da haka iyalai kimanin 14,000 suka shiga tsarin, kuma har yau akwai wani ƙauye mai suna Promised Land a gundumar Greenwood da ya samo asali daga nan. A fannin ilimi, yaran da ke makarantun gwamnati sun tashi daga kimanin 30,000 a 1870 zuwa sama da 120,000 a 1876, baƙaƙe da farare. Talakan farar fata ma a lokacin ya fara ganin makarantar da jiha ta ɗauki nauyinta da gaske.

Satar kuwa ta faru, ba ƙage ba ne. Bashin jihar ya kusa ninkawa uku cikin 'yan shekaru. Kwangilar buga takardun majalisa ta zama rijiyar da kowa ke ɗiba, akawun majalisun biyu, ɗaya fari ɗaya baƙi, su ke da kamfanin. An taɓa kaɗa ƙuri'a aka ba kakaki Moses kyautar dala 1,000 bayan ya yi asara a cacar sukuwar dawaki. John Patterson, ɗan kasuwar jiragen ƙasa daga Pennsylvania, ya samu kujerar sanatan tarayya a 1872 ta hanyar raba kuɗi ga 'yan majalisa, ya kayar da Elliott, baƙar fata, a majalisar da baƙaƙe ke da rinjaye. Nash da bakinsa ya amsa cewa ya karɓi toshiya. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Manyan kuɗin sun tafi ne ta takardun lamuni da hannun jarin layin dogo, ga gwamnoni da ma'aji da dillalin jihar a New York, da 'yan kasuwa, ciki har da 'yan Dimokurat na gida. Zamanin ne kuma da ɗan siyasa William Tweed ke wawure baitulmalin birnin New York, majalisar tarayya ke fama da abin kunyar rashawa na kamfanin gina layin dogo Crédit Mobilier. Ba wanda ya ce saboda haka a ƙwace ƙuri'ar fararen New York.

Abin da ya fi harzuƙa masu ƙasa shi ne haraji. A da harajin ƙasa kaɗan ne, tunda jiha ba ta yi wa talaka komai. Yanzu ga makarantu, ga asibitin masu taɓin hankali, ga gidan marayu, ga gadojin da yaƙi ya rusa, nauyin duk ya koma kan gonaki a lokacin da farashin auduga ke faɗuwa. Wasu 'yan majalisa ma ba su ɓoye ba cewa suna son harajin ya tilasta wa masu dubban eka su sayar. Don haka suka yi tarukan masu biyan haraji a 1871 da 1874, kuma wani ɗan jarida daga arewa, James Pike, ya rubuta littafin da ya zana majalisar a matsayin taron dabbanci. Hoton da ya zana shi ne fim ɗin The Birth of a Nation ya ɗauka a 1915, inda aka nuna 'yan majalisa baƙaƙe ba takalmi, ƙafa a kan tebur, suna shan giya. Miliyoyin mutane daga nan suka san majalisar.

Akwai wani jerin sunaye da bayanin hoton bai kawo ba. Solomon Dill, farar fata ɗan Rifablikan daga Kershaw, an harbe shi a gidansa a watan Yuni 1868, kafin ma majalisa ta zauna. James Martin na Abbeville, a kan hanyarsa ta komawa gida a watan Oktoba. Bayan 'yan kwanaki, ranar 16 ga Oktoba, Sanata Benjamin Randolph, wanda ya yi karatu a kwalejin Oberlin ya kuma yi limancin soja, yana tsaye a tashar jirgin ƙasa ta Hodges da rana tsaka mutum uku suka bindige shi, suka hau dawakansu suka tafi. Wade Perrin na Laurens a 1870. Alfred Rush na Darlington a watan Mayu 1876. Simon Coker na Barnwell a watan Satumba na shekarar. Ta'asar Ku Klux Klan, ƙungiyar asiri ta 'yan ta'adda farare, ta kai har Shugaba Grant ya dakatar da dokar da ke hana tsare mutum ba shari'a a gundumomi tara a 1871. Duk wanda ya karɓi kujera a majalisar nan ya san abin da ya sa wuyansa a ciki.

Bango ya riga ya tsage kafin 1876. Gwamna Chamberlain ya ɗauki hanyar tsuke kashe kuɗi da neman yardar 'yan Dimokurat. A Disamba 1875 majalisa ta zaɓi Whipper da Moses alƙalai, ya ƙi sa hannu a takardun naɗinsu, jam'iyya ta dare biyu. 'Yan Dimokurat suka tsayar da Wade Hampton, tsohon janar ɗin 'yan aware, takarar gwamna, da dakarun sa-kai masu jajayen riguna a bayansa. A watan Yuli aka yi kisan Hamburg, garin da Prince Rivers ke alƙalanci, inda aka kama baƙaƙen dakarun jiha aka zaɓi wasu aka harbe. Ranar zaɓe, ƙuri'un da aka kawo daga gundumomin Edgefield da Laurens sun fi yawan masu zaɓen da ke can. Hukumar zaɓe ta soke su, kowane ɓangare ya ce shi ke da rinjaye, aka wayi gari da majalisar wakilai biyu. Ranar 30 ga Nuwamba 'yan Dimokurat suka kutsa zauren, kakakinsu William Wallace ya hau kujera, na Rifablikan Edmund Mackey ya sa aka kawo masa tasa a gefe. Kwana huɗu kakaki biyu suna jan zama biyu a ɗaki ɗaya, 'yan majalisa suna kwana a kan kujerunsu don kada a kulle su a waje, sojan tarayya na gadin ginin.

Ba a Columbia aka yanke hukuncin ba. A cinikin da ya ba Rutherford Hayes shugabancin ƙasa, aka janye sojojin daga ginin majalisar ranar 10 ga Afrilu 1877, Chamberlain ya tattara ya bar ofis. Sabbin masu rinjaye suka kori wasu 'yan Rifablikan, suka tilasta wa wasu neman gafara kafin a bar su su zauna. Aka gurfanar da Cardozo da Smalls kan zargin rashawa, aka same su da laifi, aka yafe musu a 1879 a wata musaya da ta sa gwamnatin tarayya ta janye ƙararrakin maguɗin zaɓe da ke kan 'yan Dimokurat. Wright ya sauka daga kotun ƙoli. Aka rufe jami'ar, aka sake buɗe ta a 1880 ga farare kaɗai. Prince Rivers ya ƙare rayuwarsa yana tuƙa keken doki a Aiken, aikin da ya yi yana bawa.

Sauran aikin da alƙalami aka ƙarasa shi. Dokar 1882 ta tanadi akwati takwas, kowane muƙami da nasa, ƙuri'ar da ta faɗa akwatin da ba nata ba ta lalace, tarko ga wanda bai iya karatu ba. A 1895 jigon 'yan Dimokurat Ben Tillman ya jagoranci rubuta sabon tsarin mulki da ya kawo jarrabawar karatu ko mallakar kadarar dala 300, da harajin kai kafin zaɓe. Baƙaƙe shida kaɗai ke cikin wannan taro, har da Smalls da Whipper. Ɗayansu, Thomas Miller, ya miƙe ya tuna musu cewa shekara takwas suka yi da mulki, kuma a ciki sun gina makarantu, sun kafa gidajen jinƙai, sun samar wa kurame ilimi, sun sake gina kotuna da gadoji. Aka saurare shi, aka zartar da kundin.

Baƙar fata na ƙarshe a majalisar wakilan jihar, John Bolts na Georgetown, ya bar kujerarsa a 1902. Ba a sake ganin wani ba sai a zaɓen 1970, da Herbert Fielding da James Felder da I. S. Leevy Johnson suka shiga. Majalisar dattawa kuwa sai 1983, da zuwan I. DeQuincey Newman. Kujerun majalisar wakilai har yau 124 ne, kuma kundin 1895, bayan gyare-gyare masu yawa, shi ne jihar ke aiki da shi.